Na Hau Dutse Ban Ga Komai Ba

Tambaya gare ni yau: idan tafiya ta haɗa ki da wadda ba ta kai ki ƙarfi ba, ki wuce ki cim ma burinki, ko ki tsaya ki jira ta?

Mu mutanen Gummi fadama da gulbi muka sani, ba mu saba da tudu ba. Shi ya sa a daminar 1997, shekara guda da ba mu jihar Zamfara, da muka je biki Gusau ta hanyar Daki Takwas da Anka, muka nace sai an kai mu Kwatarkwashi, can gaba kan hanyar Tsafe. Mun sha jin labarin dutsen garin, wanda a da ake bikin kamun maiki a kansa. An ce in ka hau sai ka hango gari da gonaki kamar an shimfiɗa tabarma.

Mu bakwai ne, da Gwaggo, da wani yaron garin mai nuna hanya. Tun da safe garin ya yi luf, babu rana. Hawa dutse da damina ba wasa ba ne, ga santsi, ga ciyawa mai kaifi, ga zane yana harɗe ƙafa. Ba mu yi rabi ba ƙanwata ta soma haki, ta zauna tana hawaye. Ni kuwa haushi ya kama ni, na ce da ma ta zauna gida. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke tafi abinki. Dutsi ba ya gudu, amma ɗiyar ga ba ni barin ta."

Muka wuce. Sai bayan azahar muka kai sama, gwiwa na rawa, maƙoshi ya bushe. Me muka gani? Wallahi babu komai. Gajimare ya sauko ya lulluɓe ko'ina fari fat, ko ƙasan dutsen ba a hange. Ana haka hadari ya taso, yaron ya ce mu sauka, don tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tudu.

Da muka iso inda muka bar su, muka tarar sun fake a ƙarƙashin wani falalen dutse suna cin ƙuli-ƙuli suna dariya. Su da ke ƙasa da gajimaren, ashe sun ga gonakin gero da shanu da hayaƙin gidaje sarai. Kunya ta rufe ni.

Kada ki ce ina zuga ki ki bar buri. Karatu da sana'a da ginin gida duk abin nema ne, kuma da kowa zai zauna babu mai kai ko'ina. Amma ki lura, abin da ke can sama ba a hannunki yake ba, kina iya wahala ki tarar da gajimare. Wadda ke gefenki kuwa tabbas ce: uwar miji da ta tsufa, 'yar riƙon da ba ta gane karatu da wuri, ƙawar da aurenta ya mutu kika daina gaishe ta don kin ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Yau rashin tsaro ya sa ba mai marmarin irin wannan yawo a yankinmu. Gwaggo ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ƙanwata kuwa har gobe in ta tashi yaba mutum, da ranar nan take misali, kuma ba sunana take ambata ba.

Allah Ya ba mu haƙurin jiran juna, amin.