Laifin Ma'aikaci, Shin Kare Ne Zai Biya?

A ƙasar Ingila akwai waɗansu gidaje da aka tanada musamman domin karnukan da suka ɓata, da waɗanda masu su suka yar. Abin ya daɗe. Tun cikin shekarar 1822 Majalisar ƙasar ta kafa dokar hana azabtar da dawaki da shanu da tumaki. A 1824 waɗansu mutane suka haɗa jam'iyyar hana zaluntar dabbobi, wadda Sarauniya Victoria ta ɗaukaka a 1840. Sa'an nan a 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnuka a unguwar Holloway cikin birnin London. Da fari an yi ta yi mata ba'a, ana cewa ga matalauta ba su da wurin kwana, ita kuwa ta karnuka ta ke yi. A 1871 aka mai da gidan unguwar Battersea, yana nan har yau, irinsa kuma sun yi yawa a Ingila da Amurka.

Ga yadda aikin ya ke. In an tsinci kare yana gararamba, hukumar gari ta kan tsare shi kwana 7. Tun daga 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar alama kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda a ke gane mai shi da ita. In kwanakin sun cika ba wanda ya zo, sai a nemi wanda zai ɗauka ya riƙa. Mai so ya kan je gidan, ya cika takarda, ya amsa tambayoyi, ya biya 'yan kuɗi, kana a ba shi.

To, a ɗauka wani dattijo ne a wani ƙaramin gari, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, gida ya yi masa faɗi. Ya je irin gidan nan ya ga wani tsohon kare, hankalinsa ya kwanta da shi. Ya yi wa ma'aikacin gaisuwa, bai ko ɗaga kai ba. Ya cika takarda, da ya komo aka ce ta ɓata, ya sāke wata. Sa'an nan aka shiga yi masa tambaya kamar wanda aka kama da kayan sata: Gidan naka ne ko na haya? Akwai shinge? Awa nawa ka kan yi ba ka gida? Kana da abin biyan likita in ya yi ciwo? Da ya tambayi lafiyar karen, aka ce masa ya jira, ba shi kaɗai ba ne. Dattijo ya fito ransa a ɓace, yana cewa shi da wurin nan har abada.

Tambayar ita ce, ya kyauta ko bai kyauta ba? Mai karatu zai ce ya kyauta, domin mutunci ya fi kare. Wannan magana tana da ƙarfi, amma kafin a yanke hukunci sai a rarrabe abubuwa uku da suka cakuɗe a zuciyar dattijon, domin mai fushi ya kan tara kome da kome ya kira shi wulakanci.

Na farko su ne tambayoyin. Waɗannan ba laifi a cikinsu, ko da sun yi ɗaci. Karen da ke gidan nan an riga an yar da shi sau ɗaya. In an ba wanda mai gidan hayarsa bai yarda da dabba ba, ko wanda ke fita tun asuba sai dare, bayan 'yan makonni zai komo da shi, ko ya sake shi a titi. Wanda aka damƙa wa amanar abu mai rai wajibi ne ya bincika hannun da zai sa shi. Ko mai ba da kiwon akuya ya kan duba ko akwai turke da harawa. Saboda haka mai nema ya kamata ya amsa da gaskiya, kada ya ɗauki bincike a kan zargi.

Na biyu shi ne halin ma'aikacin, watau ƙin amsa gaisuwa, da ɓad da takarda, da gatse. Wannan laifi ne sosai. Gaskiya ne aikin yana da wuya. Albashi kaɗan ne, da yawa ma aikin sa kai su ke yi ba a biyansu, kullum suna ganin dabbobin da aka doka, ko aka bari da yunwa, har zuciyarsu ta kan ƙeƙashe, su riƙa ganin kowane baƙo kamar azzalumin jiya. Wannan ya bayyana dalili, amma bai wanke su ba. Akwai wata cuta da ta kan kama masu aikin alheri: mutum ya ga yana tausayin dabba, sai ya zaci ya sami izinin rena ɗan'adam. Alhali kuwa gidan ba shi da amfani in ba a zo an ɗauki karnukan ba, kuma duk wanda aka kora da baƙar magana, an ƙara wa wani kare kwanaki a keji ke nan. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba ta kuwa rage kuɗin gidan ko anini.

Na uku shi ne ɓoye gaskiya, wannan kuwa ya fi rashin ladabi muni. In karen yana da ciwo, ko ya taɓa cizon yaro, aka yi shiru don a rabu da shi, an ci amanar mai ɗauka da maƙwabtansa da karen kansa. Nan ba wurin kawaici ba ne. Mai nema ya tsaya sai an nuna masa takardar allurar rigakafi da abin da likita ya rubuta, in an ƙi, ya fasa, ba wanda zai zarge shi.

In an rarrabe haka, sai a ga dattijon ya yi fushi da mutum, amma wanda ya hora shi ne kare. Ma'aikacin ya tashi aiki ya tafi gida ya ci tuwonsa, watakila ma ya manta da shi. Karen kuwa yana nan bayan waya, kuma tsohon kare ba ya samun mai so da wuri kamar ɗan kwikwiyo. A waɗansu gidaje, musamman a Amurka, in wuri ya cika a kan kashe waɗanda suka daɗe ba a ɗauka ba. Dattijon kansa ya koma gidansa shi kaɗai. Fushin ya cuci biyu marasa laifi, ya bar mai laifin lafiya lau.

Abin da ya fi dacewa shi ne ya haɗiye ɓacin ransa na sa'a guda, domin magana zarar bunu ce, in ya rama sai a ce ai ga shi, mai zafin rai ne, bai cancanta ba. Ya riƙe kwafin takardarsa, ya rubuta ranar da ya zo da abin da aka ce masa. Ya nemi ganin shugaban wurin cikin natsuwa. Bayan ya karɓi karensa, ya rubuta wa masu kula da gidan wasiƙa gajeriya, ya faɗi abin da ya faru, ba ƙari ba zagi. Haƙurin da ba a bi shi da gyara ba ya kan bar mugun hali ya sami na baya. In kuwa ya ga ƙofa ta ƙi buɗuwa duk da haka, akwai wani gidan a wani garin, da karnuka masu jira irin wannan jiran.

Ya zo cikin hadisi cewa an gafarta wa wani mutum domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa. Abin lura shi ne ya sha wahalar sauka da hawa, ba kuwa wanda ya yi masa maraba a bakin rijiyar. Niyyar alheri da kallon banza ɗaya ke rusa ta, da ma ba ta yi saiwa ba.

Darasin bai tsaya ga karnuka ba. Duk wanda aka zaunar a bayan tebur, ko a asibiti ko a ofishin haraji, ya tuna don masu zuwa aka sa teburin. Duk wanda ya zo gaban tebur kuma, ya tuna abin da ya kawo shi, kada fuskar akawu ta sa ya bar shi a can.