Rigar Katifa: Rufin Asiri Ko Ha'inci?

Duk wanda ya taɓa wuni a gonakin Kura ko Bunkure lokacin dashen shinkafa ya san gadon baya ne ke biyan kuɗin aikin. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa biyo magudanai yana shiga gonakinmu, muka yi ban kwana da hutun rani da kakanninmu suka sani: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Mutum ya wuni a sunkuye cikin taɓo, dare ya yi ya kwanta kan katifar da tsakiyarta ta lotsa kamar ƙwarya. Da asuba sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Sabuwar katifa kuwa ta fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Sinadaran da ake haɗa soso da su daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinta yana bin dala, kuma kowa ya ga abin da ya sami Naira tun 2023. Shi ya sa muka koma ga faci.

Facin ma akwai na kirki, akwai gyaran gangar Auzinawa. Soso yakan fara mutuwa ne a inda ƙugu ke sauka, domin a nan nauyin jiki ya taru. Idan aka shimfiɗa sabon soso mai laushi a kan wannan rami, sai ya bi siffar abin da ke ƙarƙashinsa, a wayi gari da rami mai laushi. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan farke rigar, ya yanke mataccen tsakiyar, ya cike gurbin da soso mai tauri daidai kaurin na da, ko irin gutsattsarin da aka matse da gam, sannan ya ɗora falle guda mai inci 2 ko 3 daga kai har ƙafa don ya haɗe gaɓoɓin. Kafin haka sai an shanya tsohon a rana sosai, domin a yankin da ruwa ba ya yankewa, katifar da ke kwance a ƙasa tana shan danshi, ga kuma kuɗin cizo da ke maƙalewa a ɗinki. Daga ƙarshe a ɗinka mata sabuwar riga mai furanni.

A wannan rigar tambayarmu take. Da zarar an rufe ɗinki, ido ba ya bambance katifar da ta fito daga kamfani jiya da wadda aka haifi 'ya'ya uku a kanta. Ko ɗagawa ba ta cika faɗin gaskiya ba, tunda ana iya zuba garin alli a cikin haɗin soso don ya yi nauyi. Mu kuma al'umma ce da ta ɗauki rufin asiri da girma, har muna roƙon Allah ya rufa mana shi kullum. Kuma mun tsani ha'inci. To amma dukansu biyun rufewa ce. Me ya raba su?

Game da ɗan kasuwa, magana a fili take. Wanda ya cusa tsohon soso a sabuwar riga, ya liƙa tambarin wani sanannen kamfani, ya naɗe da leda ya sayar a kuɗin sabuwa, jahilcin mai saye ya mayar kuɗi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana ɓoye aibin kaya a ciniki, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba wanda ya gano aibin damar mayarwa. Mun kuma san labarin tarin hatsin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa a ciki ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa. Ba mu da abin ƙarawa a nan.

Amma mu ɗauki manomin da zai aurar da 'yarsa bayan girbi. Shinkafar ba ta yi kuɗin da ya zata ba, ga bashin taki, ga gado da kujeru da kwanuka suna jira. Sai ya kai katifar uwarta wurin mai gyara, aka yi mata facin kirki da sabuwar riga. Ranar jere mata suka cika ɗaki, wannan ta danna da tafin hannu, waccan ta zauna a gefe tana gwadawa, kowa ta ce ma sha Allah. Ya yaudare su? A ganinmu bai yi ba. Ba su biya ko sisi ba, ba kuma za su kwana a kanta ba. Abin da suka zo nema, wato su auna arziƙinsa su kai labari, ba hakkinsu ba ne tun farko. (Mu ma dai mu faɗi gaskiya, wannan danne-dannen katifar amarya al'ada ce da ta jefa iyaye da yawa cikin bashi.)

Inda abin ya yi tsauri shi ne ita amaryar. Ita ce za ta kwanta, ita za ta ɗauki ciki a kai, ita ce ƙugunta zai fara jin gaɓar facin bayan shekara biyu. Idan ta sani, za ta riƙa juya katifar, ta shanya ta, ta fara tara na wata. Idan ba ta sani ba, za ta zaci jikinta ne ke ciwo, ko ta zargi kamfanin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Uban zai ce ya ɓoye mata ne don kada ta ji ta gaza ƙawayenta, kuma ba za mu ce soyayyarsa ƙarya ce ba. Sai dai ya yanke hukunci a kan jikin wani ba tare da ya tambaye shi ba. Mu a nan mun karkata ga cewa ya gaya mata, ko ya sa uwarta ta gaya mata a ɗaki, su biyu. Asirin bai tonu ba don wadda za ta ɗauki nauyinsa ta shiga ciki.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun saba da wannan. Kusan duk abin da ke cikin wayar da kake karanta wannan rubutu a kai faci ne a kan faci, kuma ba wanda ke jin kunyar haka. Abin da sana'ar ba ta yafewa shi ne ka canza abu ka ƙi rubuta me ka canza. Mai amfani da waya ba ruwansa da wannan bayani, amma wanda zai gaji aikin bayanka dole ya same shi, in ba haka ba zai ƙare dare yana neman cuta a inda ba ta.

Saura mai gyaran kansa, wanda ke tsakiya. Idan aka ce masa ya yi riga mai kyau, aikinsa ne. Idan aka ce ya ɗinka tambarin kamfani a kusurwa, an wuce sutura, domin katifa tana daɗewa fiye da dalilin da ya sa aka rufe ta. Wata rana matsi zai sa a fitar da ita a sayar wa dillaliya, tambarin kuma zai ci gaba da magana a gaban mutanen da ba su san komai game da bikin ba.

Akwai hanya mai sauƙi da tela zai iya bi: ya sa dogon zif a gefe maimakon ya rufe ɗinkin ruf. Mai katifa za ta iya buɗewa ta ga abin da ke ciki, ta fitar da fallen sama ta shanya, ta canza shi kaɗai idan ya mutu. Ƙarin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma da yawa daga cikinmu, idan tela ya kawo shawarar, sai mu ce a'a, a ɗinke kawai, domin 'yan ganin ɗaki na ganin zif za su gane.