TSUNTSAYEN DA SUKA TSIRA DAGA SANYI, DA DARASIN DA KE CIKI



A Ingila akwai wata al'ada. Duk ƙarshen watan Janairu, lokacin da sanyi ya kai maƙura, dubban ɗaruruwan mutane kan ware awa ɗaya su zauna a bayan gidajensu ko a lambunan shaƙatawa na cikin gari, irin su Regent's Park a Landan, suna ƙirga tsuntsayen da suka gani. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ta fara shirya wannan tun 1979. A Amurka ma ana irin wannan ƙirgen tun 1900, har da lambun Central Park na birnin New York.

Wani zai ce aikin marasa aikin yi ne. Ɗan uwa, dakata tukuna.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Daga ƙarshen Disamban 1962 zuwa farkon Maris na 1963 ƙanƙara ta rufe Ingila, har wasu sassan kogin Thames suka daskare. Ƙasa ta yi tauri, tsutsa da ƙwari suka ɓace, tsuntsaye suka yi ta mutuwa. Waɗanda suka fi shan wahala su ne ƙanana, kamar wani ɗan mitsitsi da suke kira ren, wanda nauyinsa kusan giram 10 ne kacal. Ƙaramin jiki ba ya riƙe ɗumi. Kitsen da ya tara da rana, a dare ɗaya yake ƙone shi. In gari ya waye bai samu abinci ba, shi ke nan.

To yaya wasu suke tsira? Subhanallah! Suna cusa kansu wuri guda su ɗumama juna. An taɓa ƙirga fiye da 60 a cikin akwatin sheƙa guda ɗaya. Da asuba kuma kowa ya fita kiwo. Waɗanda suka rage su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, cikin 'yan shekaru adadinsu ya dawo.

Wasu kuwa hijira suke yi. Agwagin ruwa da sauran tsuntsayen fadama suna tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, da Dagona a jihar Yobe. Wa ya nuna musu hanya?

Ku buɗe Suratul Mulk aya ta 19 da Suratun Nahl aya ta 79. Allah da kansa ya kira mu mu dubi tsuntsaye a sararin sama. Ashe kallon nan, in an haɗa shi da tunani, ibada ne. A hadisin Sayyidina Umar (RA) da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) da tsuntsu ya buga mana misalin tawakkali. Malamai suka ce a lura, tsuntsun da aka yi misali da shi fita yake yi. Bai kwanta a sheƙa yana jiran tsaba ta faɗo masa ba. Duk wanda ya naɗe hannu ya ce tawakkali yake yi, bai fahimci hadisin ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙirgen nan. Mutum ya fita cikin ƙanƙara don ya san wane tsuntsu ne ya rage, wane ne babu, ya zuba musu tsaba, ya fasa musu ruwan da ya daskare. Mu fa? Hunturu ya zo ya wuce, wa ya ƙirga almajiran da suka kwana a zaure babu bargo? Wa ya leƙa tsohuwar da ke ƙarshen layi? Dattijon da kwana uku ba a gan shi a sahun Asuba ba, wa ya tambaya?

Yau in ka sallame sallah, dubi sahu, ka ga wanda babu. Ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. In kana da bargo biyu, ɗaya ya fita daga gidanka kafin dare. Ka ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko, domin akwai lada a shayar da duk mai rai.

Allah Ya sa mu cikin masu tausayi, Ya tausaya mana ranar da muka fi kowa buƙata. Amin.