Tsohuwar Roka da Amanar da Ba a Gani

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya san roka, wato Marsandi 911 mai gajeren hanci da bodin katako. A 1959 kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera masu irin wannan kai a Jamus, ya daina a 1995. Ke nan ko autarsu ta kai shekara 30 a duniya. Amma ga su nan har yau suna jidar masara da gero, albarkacin makanikai da masu walda da kafintoci.

Mu tsaya a gareji mu ga yadda ake tayar da ita. A sauke inji, a sake fistin da ringi, a wanke lagireto. A nemo giya a Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna. Kafinta ya ɗora sabon bodi, mai fenti ya zana dawisu. Bayan shekaru, da wuya a sami abin da ya rage na asali ban da lambar shasi. To, ita ce motar da aka saya tun farko, ko wata ce daban? Masanan Girka na dā sun yi irin wannan muhawara a kan jirgin ruwan Tisiyas, wanda aka riƙa sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare.

Mu dai a ganinmu akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wa gyaran zai amfana, wa kuma zai cutar? Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne. Mai motar da ba shi da kuɗin sabuwa, ya raya tsohuwa yana ciyar da iyalinsa da na direba da na yaran mota, bai yi abin kunya ba. Ya ma fi mu da muke jefar da abu da zarar ya yi tari.

Sai dai gyara iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani: fenti, fitilu, kirarin da aka rubuta a goshi. Akwai wanda ke ɓoye a ƙarƙashi: burki, sitiyari, shasin da ya tsage aka yi masa walda. Idan kuɗi suka gaza, na ɓoyen muke fara yi wa rowa, domin mai saye ba ya shiga ƙarƙashin mota. Sai a fito da ita tana ƙyalli, kyan ɗan maciji.

Wanda zai biya wannan bashin ba ya wurin da aka yi cinikin. Shi ne ɗan kasuwar da ya hau saman buhuna, da mai tallar da ke bakin titi ranar da burki ya ƙi ci a gangara. Ba su san makanikin ba, amma rayukansu na hannunsa tun daga ranar da ya ɗaure noti ko ya bar shi sako-sako.

Saboda haka makanikin da ya ce, "Alhaji, wannan shasin ya gama aiki, ba zan taɓa shi ba," ya yi gyara mafi girma, ko da ya rasa kuɗin aikin. Mu kuma masu mota, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan aljihu bai isa duka biyun ba, a fara da burki. Dawisu ya jira kaka mai zuwa.