Kukan Manomi a Ƙofar Banki

Karanta: Nehemiya 5:1-13

Ɗan'uwa mai karatu, idan banki ya cuce ka, ƙara za ka kai, ko za ka bar wa Allah? Masu bi da yawa suna ganin kai ƙara rashin gafara ne. Kafin ka amsa, bari mu leƙa Gadarif a gabashin Sudan, ƙasar dawa da riɗi, inda Hausawa da yawa suke zaune tun kakanni.

Noman can na damina ne, gonakin kuwa manya-manya, sai da tarakta. Manomi ba ya fita gona sai da kuɗin mai, da na iri, da na 'yan ƙodago. A shekarun 1990 bankuna, musamman Bankin Noma na Sudan, sun riƙa ba da kuɗin ta hanyar da ake kira salam: banki ya sayi dawarka tun ba ta tsiro ba, a yanka farashi, da kaka ka kawo buhuna. Sau da yawa manomi yakan ajiye cak a matsayin jingina. In ruwa ya ɗauke, buhuna suka kasa, banki ya gabatar da cak babu kuɗi, to dokar laifuffuka ta 1991 ta ɗauki wannan laifi ne. Manoma da dama sun zauna kurkuku sai an biya. In kuma farashi ya hau da kaka, manomi yana kallo dawar da ya sayar da arha tana tsada a kasuwa. Saboda irin wannan ake sa wani sharaɗi a yarjejeniyar, sunansa kau da cuta, domin a sake duba farashin idan ya yi nisa da na kasuwa.

A zamanin Nehemiya ma talakawa sun jinginar da gonaki da gidaje domin hatsi, har 'ya'yansu suka shiga bauta. Suka yi kuka da ƙarfi, su da matansu. Ka lura, Nehemiya bai tsauta wa masu kukan ba. Ya husata, amma sai da ya yi tunani tukuna ya tunkari manya, ya kira babban taro. Da mutanen nan sun yi shiru da sunan haƙuri, da 'ya'yan maƙwabtansu ma sun ci gaba da bauta.

Saboda haka kai kukanka. Ka fara da reshen bankinka, a rubuce, da kwanan wata da rasit. In ba a saurare ka ba, ka wuce hedkwata, ka wuce babban bankin ƙasa, wanda aikinsa ne sa ido a kan bankuna. Amma kada ka zagi yarinyar da ke bayan kanta, ba ita ta yanka farashi ba.

Ga wurin da ya fi wuya. Nehemiya ya faɗa a gaban taro cewa shi ma yana ba da rance. Kai fa? In ka karkatar da buhuna goma kasuwa da dare, ka ce wa banki fari ne ya cinye, za ka rubuta wannan a takardar ƙararka? In banki ya yi kuskure ya ƙara maka kuɗi, da wane sauri kake zuwa ka faɗa?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tuna da manoman da bashi ya kai kurkuku, da iyalansu. Ka ba ma'aikatan banki kunnen jin kuka. Cikin sunan Yesu, Amin.