Annabin da Ya Roƙi Mutuwa

Karatu: 1 Sarakuna 19

Iliya bai daɗe da ganin wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel ba, sai ga shi yana gudun Yezebel. A Biyer-sheba ya bar baransa, ya nausa jeji shi kaɗai, tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Sai da ya rabu da abokin tafiya tukuna wannan roƙo ya fito daga bakinsa.

Akwai irinsa a ɗakunan kwanan jami'o'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kashe kai shi ne na 3 cikin abubuwan da suka fi ɗauke rayukan matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Wani ɗalibin ya ga an ƙone ƙauyensu, wata an ci mata mutunci ta haɗiye maganar. Waɗanda suka tsira daga harin da aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero a 2012, azuzuwan nan suka koma. Irin wannan rauni ba ya zubar da jini, amma yakan hana barci, ya sa mutum firgita, ya janye shi daga jama'a. In faɗuwar jarrabawa ko rashin kuɗin makaranta ya haɗu da shi, kaya sun yi wa jaki yawa.

Ubangiji bai tsauta wa bawansa ba. Mala'ika ya kawo masa gurasa da ruwa har sau 2, ya bar shi ya yi barci. A Horeb aka saurari kukansa, aka shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha. Abin baƙin ciki, gidajen masu bi da yawa da faɗa suke farawa, a ce wa yaro bangaskiyarsa ce ta yi sanyi.

Uwar da ta ga ɗanta ya daina kira, ya bar zumunta, ko yana cewa shi nauyi ne ga iyali, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka wannan tunani. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da magunguna, a kai shi wurin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da asibitocin Aro da Yaba suna da masu wannan aiki. Fasto ya yi addu'a, ya kuma raka su asibitin.