Itace Na Wanda Ya Dasa Ne, Ko Na Masu Shan Inuwa?

In mutum ya ƙago wani abin alheri, abin nan kuwa ya yi ta girma har ya fi ƙarfinsa, shin na wane ne? Nasa ne, ko na jama'a? Kada mu yi garajen amsawa sai mun ji wani labari daga ƙasar Amurka.

A garin Williamsport, cikin jihar Pensilbaniya, an yi wani akawu, sunansa Carl Stotz. Mutanen ƙasar suna da wani wasa, besbol, wanda a ke jefo ƙaramar ƙwallo a buge ta da kulki, mai bugu ya sheƙa ya kewaye tashoshi huɗu. A 1938 Stotz ya lura 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu suna son wasan, amma filin manya ya yi musu girma. Sai ya rage tsakanin tasha da tasha daga ƙafa 90 zuwa 60. Ya bi 'yan kasuwa yana neman dala 30 ta riguna da kayan wasa, suka yi ta sallamarsa, har daga baya uku suka yarda. Ran 6 ga Yuni, 1939, aka yi wasan farko. Ƙungiyoyi uku ne kurum, aka sa wa haɗuwarsu suna Little League, watau ƙaramar haɗaɗɗiyar ƙungiya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bazu gari gari. A 1947 aka fara babbar gasa ta shekara shekara. A 1948 kamfanin U.S. Rubber ya ɗauki nauyinta. To, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Sannu a hankali ragama ta koma hannun wani kwamiti, wanda wani babban ma'aikacin kamfanin ya zama shugabansa. Stotz ya ga kamar ciniki da neman suna sun fara danne wasan yara, an kuma daina jin maganar masu aikin sa kai na unguwa. A 1955 rigima ta kai su gaban shari'a, a 1956 suka rabu. Ya koma ga 'yar ƙungiyarsa ta asali, ya rasu a 1992.

Wani zai ce an zalunce shi, don da bai dasa ba da babu inuwa. Wani kuma ya ce girman nan shi ya kawo alheri. A 1957 yaran Monterrey ta ƙasar Meziko suka ci gasar. A 1974 aka buɗe wa 'yan mata ƙofa. A 2012 yaran Lugazi ta ƙasar Uganda suka zama na farko daga Afirka da suka buga a cikinta. Mutum ɗaya ba ya iya wannan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma ga abin da zai raba mana gardama. A 1955 ɗin nan, a birnin Charleston na jihar Karolina ta Kudu, akwai ƙungiyar Cannon Street ta yara baƙar fata. Ƙungiyoyin farar fata suka ƙi karawa da su. Shugabannin Little League suka ƙi korar yaran, har masu ƙyamar suka fice. Nan girma ya yi rana, don dokar babbar ƙungiya ta fi ƙarfin son zuciyar gari guda. Sai dai kuma wata doka ta ce wanda bai ci nasara a fili ba, ba zai wuce gaba ba. Aka gayyaci yaran Williamsport, suka zauna cikin 'yan kallo, jama'a na kira a bar su su buga, ba a bari ba. Nan kuma doka ta manta da dalilin da ya sa aka yi ta.

Ashe itacen ba na mai dashe ba ne, ba kuwa na masu shinge ba. Na yaran da aka dasa dominsu ne. Wanda ya kafa yana da hakkin girmamawa da na gargaɗi, amma ba na mallaka ba. Waɗanda suka gada suna da ikon faɗaɗawa, amma ba na sauya niyya ba. Kowannensu riƙon amana ya ke yi.

Saboda haka, jama'a, duk wanda ke cikin wata ƙungiya, ta wasa ko ta karatu ko ta taimakon juna, kada ya auna ci gabanta da yawan mutane ko kuɗin asusu kaɗai. Ya riƙa tambaya: wanda aka kafa ta dominsa, yana ciki ko yana bakin ƙofa?